Hoton Takarda Ba Rubutu Ba Ne: Makafin Ƙasar Gezawa da Na'urar Karatu

Wanda duk ya kama hanyar Haɗeja daga birnin Kano ya nufi gabas maso arewa, kafin ya ci kilomita 30 zai sami kansa cikin ƙasar Gezawa, inda gona ke manne da gona, ƙauye na hangen ƙauye, ba a ganin daji ko saura, sai dai itatuwan da manoma suka bari da gangan cikin gonakinsu, irin su ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna mutum 282,069 ne ke zaune a wannan Ƙaramar Hukuma mai faɗin murabba'in kilomita 340, watau sama da mutum 800 ke nan a kowane murabba'in kilomita guda. Tun cikin shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya shiga nazarin karkarar kewayen Kano, daga baya kuma aka yi bincike mai zurfi a Tumbau, ɗaya daga cikin garuruwan Gezawa, domin a gane yadda ƙasa ke ciyar da jama'a masu yawa haka alhali ana nomanta kowace damina ba hutu.

A wurin da ƙasa ta yi tsada irin haka, gona ba ta tsayawa ga shaidar baki kaɗai. Ko saye ne, ko jingina, ko aro, ko rabon gado, sai an rubuta, shaidu su sa hannu ko su dangwala yatsa, mai unguwa da dagaci su tabbatar. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da takardar mallakar filaye a karkara, kotunan shari'a kuwa suna ba da takardar hukunci bayan sun raba gado. Ban da waɗannan akwai takardar asibiti, da ta makaranta, da ta neman aiki, da sammaci. Mai ido wanda ya yi karatu yakan buɗe takardarsa ya duba shi kaɗai a ɗakinsa. Makaho kuwa, ko da ya fi kowa ilmi a garin, tilas ya miƙa tasa ga wani ya ce karanta mini, ya kuma yarda da abin da aka gaya masa. Idan mai karantawar ɗan'uwa ne da suke takarar gado ɗaya, mai karatu ya san inda maganar ta dosa.

MAKAFI A ƘASAR NAN

Binciken da aka gudanar a duk faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 a kan makanta da raunin gani ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 40 ko suka haura makafi ne, watau kimanin mutum miliyan 1.13, kuma shiyyar Arewa maso Yamma, wadda Kano ke ciki, ita ce ta fi kowace yawansu. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makantar, sai hawan jinin ido. Binciken ya ce kashi 84 cikin 100 na wannan makanta abu ne da za a iya kauce masa ko a warkar da shi. Abin lura a nan shi ne yawancin waɗannan bayin Allah ba da makantar aka haife su ba. Magidanta ne da ido ya tafi bayan sun mallaki gona da gida da iyali, takardunsu na nan cikin adaka, wasu da hannunsu ma suka rubuta, amma yau ba su da ikon duba su.

Rashin gani bai taɓa zama rashin ilmi ba a ƙasar Hausa. Kowane babban gari yana da Sarkin Makafi, kuma an san makafi da tufkar igiya da haddar Alƙur'ani da wa'azi. Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, wanda ya rasu a 1990, makaho ne, da ka ya tsara baitocinsa wasu suka rubuta, har Jami'ar Ahmadu Bello ta girmama shi da digirin dokta. Tun farkon Musulunci ma an san darajar Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon Sahabin da ke kiran salla a Madina. Sai dai duk wannan ilmi ta kunne ya shiga, ta baki ya fita. Takarda ce kullum ke tsayawa tsakanin makaho da haƙƙinsa.

Babban ƙoƙari na cike wannan giɓi shi ne rubutun makafi na ɗige-ɗige, wanda Louis Braille, wani yaro makaho ɗan ƙasar Faransa, ya tsara a 1824 yana ɗan shekara 15. Da ɗigo shida masu tudu ake harhaɗa kowane baƙi, a shafa da yatsa a karanta. An buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953, a Kano kuma akwai Makarantar Ilmi na Musamman ta Tudun Maliki wadda ke koyar da makafi da kurame, ga kuma Sashen Ilmi na Musamman a Jami'ar Bayero. Rubutun ɗige-ɗige ya fitar da malamai da lauyoyi da ma'aikata, kuma har gobe babu abin da zai maye gurbinsa wajen koyon ƙa'idar rubutu. Amma fa babu magatakardan kotu ko akawun Ƙaramar Hukuma da ke ba da takarda da shi, dattijon da ido ya tafi yana da shekara 60 kuwa da wuya yatsunsa da suka yi kanta wajen riƙon fartanya su koyi shafa ɗigo.

WAYA MAI MAGANA

Zuwan kwamfuta da wayar hannu ya kawo wani sabon abu, watau manhajar karanta allo. Aikinta shi ne ta furta da murya duk abin da ke rubuce a fuskar na'ura. A wayoyin Android sunanta TalkBack, a iPhone kuwa VoiceOver, wadda aka sa a ciki tun 2009. Makaho yakan ɗora yatsa a kan gilashin waya, ita kuma ta faɗa masa abin da ya taɓa, in ya ƙwanƙwasa sau biyu ta buɗe. A kwamfuta akwai JAWS, wadda ta fito a Windows a 1995 kuma sai da kuɗi mai yawa ake samunta, da NVDA, wadda wani makaho ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Michael Curran ya fara rubutawa a 2006, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya kama masa, suka bar wa duniya kyauta. Da waɗannan makaho ke karanta saƙon banki, ya aika da wasiƙa, ya bi labarai, ba tare da ɗan jagora ba.

To, amma akwai wani tarko wanda masu ido da yawa ba su san da shi ba. Rubutu iri biyu ne a cikin na'ura. Akwai wanda aka buga da madannai, inda kowane baƙi ke da lambarsa da na'ura ta sani, wannan shi manhajar ke iya furtawa. Akwai kuma takardar da aka ɗora bisa na'urar ɗaukar hoton takardu, ko aka ɗauka da kyamarar waya, aka tura ta WhatsApp ko aka mai da ita PDF. Ga mai ido duka biyun ɗaya ne, gama yana ganin baƙaƙe jere a layi. Ga na'ura kuwa na biyun hoto ne kawai, tarin ɗigogi farare da baƙaƙe, ba ta bambanta shi da hoton ɗan akuya. Idan manhajar karanta allo ta iso kansa sai ta ce hoto, ko ta ce babu kome, ta yi shiru. Kama da wane ba ta wane.

Abin takaici shi ne irin wannan takarda ce ta fi yawo a yau. Sanarwar ɗaukar ma'aikata, da jadawalin jarrabawa, da takardar darasi da malamin jami'a ya yi wa fotokwafi sau uku kafin a ɗauki hotonta, da sakamakon gwajin jini, da takardar cinikin gona da ɗan'uwa ya turo daga Legas, duk a hoto suke zuwa. Ofisoshi da dama sukan buga takarda a kwamfuta, su fitar da ita, shugaba ya sa hannu a buga hatimi, sa'an nan a ɗauki hotonta a rarraba. Ta haka rubutun da makaho zai iya ji da kansa tun farko ya koma abin da ba ya jiyuwa.

FASAHAR GANE BAƘAƘE

Maganin wannan matsala shi ne fasahar gane baƙaƙe, wadda Turawa ke taƙaita sunanta da OCR. Na'ura ce ke duban hoton, ta ware layi daga layi, kalma daga kalma, ta gwada siffar kowane baƙi da waɗanda aka koya mata, sa'an nan ta mai da su rubutu na sosai wanda manhajar karanta allo za ta iya furtawa. Abu biyu ke nan ke aiki tare, ɗaya ido, ɗaya baki.

Tun asali saboda makafi aka ƙago babban ɓangare na wannan fasaha. A 1913 wani masani a Jami'ar Birmingham ta Ingila, Edmund Fournier d'Albe, ya ƙera wata na'ura mai mai da baƙaƙe su zama amo daban-daban, kuma da aka gwada ta a bainar jama'a a 1918, wata makauniya mai suna Mary Jameson ta karanta da ita kalma ɗaya a minti guda. Sai ranar 13 ga Janairu, 1976, Ray Kurzweil na Amurka, tare da ƙungiyar makafi ta ƙasarsu, ya nuna wa duniya na'urar farko da ke ɗaukar hoton shafi, ta gane baƙaƙen kowane irin bugu, ta karanta da murya. Girmanta ya isa ta cika teburi, kuɗinta kuwa wajen dala 50,000, saboda haka sai manyan ɗakunan karatu da attajirai irin su mawaƙin nan makaho Stevie Wonder suka iya mallakarta.

Abin da ya ci dala 50,000 a wancan zamani yau yana cikin wayar da ake sayarwa a kasuwar Farm Centre ta Kano. Kamfanin Microsoft ya fitar da Seeing AI a 2017 don iPhone, ya kawo ta Android a ƙarshen 2023. Kamfanin Google ya fitar da Lookout a 2019. Dukansu kyauta ake sauke su. JAWS ta sami ikon gane baƙaƙe a cikinta tun 2011, NVDA kuma tun 2017 take amfani da wanda ke cikin Windows 10.

YADDA AKE YI

Idan takardar tana hannu, a shimfiɗa ta bisa wuri mai laushi ɗaya, kamar faifai ko teburi ko tabarma marar zane, a miƙar da lanƙwasar da ta yi a aljihu. Haske ya wadata, amma ban da tsakiyar rana mai ƙyalli, inuwar zaure da hantsi ta fi. Makaho ba ya buƙatar hasken, kyamara ce ke buƙata, shi ya sa wanda ya gwada da dare a ɗakin da babu fitila yakan ji shiru ya zaci waya ce ta lalace. Sai ya ɗora wayar a tsakiyar takardar, ya riƙa ɗaga ta sama a hankali. Manhajar da kanta za ta riƙa yi masa jagora da murya, ta ce gefen hagu bai fito ba, ko a matsa sama, har kusurwoyi huɗu su bayyana, ta ce a tsaya cik, ta ɗauka. Cikin 'yan daƙiƙoƙi sai karatu ya fara, kuma yana da ikon tsayar da shi, ya koma baya, ya bi kalma kalma ko baƙi baƙi.

Idan kuwa hoton ta waya aka turo shi, sai a zaɓi umurnin rabawa a miƙa shi ga manhajar gane baƙaƙe. Mai kwamfuta da NVDA yakan kai kan hoton ya danna madannin NVDA tare da harafin R, nan take rubutun ya fito ya bi shi da kibiyoyi. Takarda mai shafi da yawa, kamar littafin darasi, an fi samun sauƙinta idan aka ɗora ta a Google Drive aka buɗe da Google Docs, domin yakan fitar da rubutun a ajiye shi, ba sai an maimaita aikin kullum ba. Wanda zai kai takarda shagon kwamfuta a ɗaukar masa hotonta, ya roƙi mai shagon ya sa ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci, ya kuma daidaita takardar kada ta karkace, gama yawancin kurakuran na'ura daga mummunan hoto suke farawa.

Da wannan kaɗai ɗalibi makaho daga Jogana ko Wangara ko Tsamiya Babba zai iya bin takardar darasi a daren da aka raba ta, maimakon ya jira sai abokinsa ya gama nasa karatun ya sami sukunin karanta masa. Magidanci kuma zai iya sanin ranar da aka rubuta a sammaci, da sunan maganin da likita ya buga masa, ba tare da duk unguwa ta ji ba.

INDA NA'URAR KE TUNTUƁE

Sai dai wajibi ne a faɗi iyakar abin, domin wanda ya dogara ga na'ura fiye da ƙarfinta zai iya yin asarar da ta fi ta wanda bai taɓa ta ba. Da Turanci bugun inji mai tsabta, kuskurenta kaɗan ne. Da Hausa kuwa akwai cikas, kuma na farkonsu shi ne baƙaƙe masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka tsayar cikin rubutun boko a shekarun 1930, zamanin da Dokta R. M. East ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya. Yawancin manhajojin gane baƙaƙe da harsunan Turai aka horar da su, saboda haka sukan ɗauki ƙugiyar nan a matsayin datti a jikin takarda su share ta, ko su musanya baƙin da wata alama daban. Sai ƙasa ta koma kasa, ƙara ta koma kara, ƙafa ta koma kafa, baƙi ya koma baki. A hira wannan abin dariya ne. A takardar gado kuwa tsakanin an ba ta gonar da an ɓata gonar akwai shari'ar shekara goma. Ƙari a kan haka, masu buga takardu da yawa su ma ba sa sa ƙugiyar tun farko, domin ba su san inda take a madannansu ba.

Cikas na biyu murya ce. Muryoyin da wayoyi ke zuwa da su na Turanci ne da Larabci da makamantansu, idan aka ba su Hausa sai su tauna ta irin ta Bature sabon zuwa. Makafin da suka daɗe da na'ura kunnensu ya saba, suna fahimta, amma dattijon da ya fara jiya zai sha wuya. Rubutun boko kuma ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa gadon kwanciya da gadon mamaci rubutunsu ɗaya, sai mai hankali ya duba abin da ke gaba da baya ya gane. Ana dai samun ci gaba. Google Translate ta karɓi Hausa tun 2013, shirin Common Voice na Mozilla yana tara muryoyin Hausawa 'yan sa kai, a 2023 kuma kamfanin Meta ya saki muryoyin na'ura na harsuna sama da 1,100, har da Hausa. Sauran aiki shi ne irin waɗannan muryoyi su iso cikin manhajar karanta allo ta wayar talaka.

Na uku shi ne rubutun hannu, kuma nan ne abin ya fi shafar Gezawa da sauran karkara. Tsofaffin takardun cinikin gona da jingina yawancinsu da hannu aka rubuta, wasu da biro a fallen littafin makaranta, wasu da tawada da alƙalamin kara cikin ajami. Na'ura takan ɗan taɓuka da rubutun hannu na boko in ya fito sarai. Ajami kuwa har yanzu ya fi ƙarfinta, domin abin da ta koya shi ne Larabci bugun inji, ajamin ƙasar Hausa kuma hannun kowane malami daban, da salon rubutu irin na allo, da wasulla da ɗigogin da Larabci bai san su ba. Ana ta ɗaukar hotunan littattafan ajami don adanawa, a Gidan Arewa na Kaduna da Jami'ar Boston ta Amurka da wasu wurare, aiki ne mai kyau ƙwarai, amma ga makaho duk wannan taska hoto ce da ba ta magana.

Na huɗu lambobi ne da hatimi. Na'ura takan rikita 1 da 7, ko 0 da harafin O, ko 5 da S, takan kuma tsallake layin da hatimi ko kan sarki ya hau. Ba ta iya faɗin ko sa hannun da ke ƙasa na gaske ne, ko an kankare wani wuri an sake rubutawa. Sabbin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira, irin wadda Be My Eyes ta ƙara a 2023, sun fi iya bayyana abin da ke cikin hoto, amma suna da wani hali mai haɗari, watau idan ba su ga kalma sosai ba sukan cike gurbin da abin da suka zata, su faɗe shi da cikakken ƙarfin hali. Saboda haka ƙa'idar da ta kamata kowane makaho ya riƙe ita ce, duk takardar da ta shafi kuɗi ko gona ko magani, ya ɗauke ta sau biyu, ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya sa amintacce ya karanta masa. Amfanin na'urar a nan shi ne ya riga ya san abin da ke ciki kafin a karanta masa, in aka tsallake layi zai ji.

Akwai kuma dawainiyar karkara. Wasu manhajojin sai da intanet suke aiki, ga kuɗin data, ga cajin waya da ake biya a shago inda wuta ba ta samuwa. Waɗanda ke aiki da intanet ɗin kuma suna aika hoton takardar zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, don haka mai takardar sirri ya san da wannan kafin ya danna.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Ranar 23 ga Janairu, 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda ta tanadi tarar Naira 1,000,000 ga ma'aikata ko kamfanin da ya saɓa, da Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya, ta kuma keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa. Kafin wannan, a 2013, ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniya a birnin Marrakesh na Maroko wadda ta halatta a juya littafi zuwa siffar da makaho zai iya karantawa ba sai an nemi izinin mai haƙƙin mallaka ba, bayan Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta yi kukan cewa littattafan da ke isa ga makafi ba su kai kashi 10 cikin 100 na waɗanda ake bugawa ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar a 2017, ta kuma shigar da ita cikin sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Hukumar JAMB ma tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman mai shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi da aka keɓe, Kano na cikinsu.

Doka dai ta buɗe ƙofa. Amma gurbin aikin da aka keɓe wa makaho ba shi da amfani gare shi idan sanarwar neman ma'aikatan ta fito a hoton da wayarsa ba ta iya karantawa, har ranar rufewa ta wuce.

GYARA TUN DAGA TUSHE

Rigakafi ya fi magani. Duk wahalar da makaho ke sha wajen mai da hoto rubutu, gyaran ɓarnar da aka yi ne a teburin akawu, gama takardar da aka buga a kwamfuta rubutu ce tun asali. Abin da ake roƙon sakatarorin ƙananan hukumomi da magatakardan kotuna da shugabannin makarantu da malaman jami'a shi ne, duk lokacin da za su rarraba hoton takarda mai hatimi, su haɗa da ainihin rubutun da aka buga, ko su kwafe shi cikin saƙon. Wannan ba ya cin ko kwabo, ba ya kuma ɗaukar minti guda. Masu shagunan buga takardu su koyi sa ƙugiya, domin madannan Hausa suna nan kyauta a waya da kwamfuta. Dagatai da masu unguwanni kuwa, idan ciniki ko rabo ya shafi makaho, su sa a buga takardar da inji bayan ta hannu, a karanta masa a gaban shaidu, a ba shi nasa kofi.

Ya kamata kuma Ƙaramar Hukumar Gezawa da takwarorinta, tare da Ƙungiyar Makafi ta Nijeriya da Sarakunan Makafi, su shirya koyar da wannan aiki a garuruwa, kuma makafin da suka yi makaranta su ne suka fi cancanta su koyar, domin sun san inda yatsa ke ɓacewa a kan gilashi. Jami'o'in Kano da cibiyoyin nazarin harsunan Nijeriya su ma suna da babban rabo cikin aikin. Na'ura ba ta sanin harshe sai an tara mata dubban shafuka an nuna mata daidai da kuskure, kuma babu wanda zai zo daga waje ya koya mata ƙugiyar Hausa da ajamin malaman zaure in masu harshen ba su tashi ba.

Mutumin da ya noma gonarsa shekara 40 ya san iyakarta da tafin ƙafarsa, ya san inda gamba ta tsaya da inda tsamiya take, ko da ido ya tafi. Haƙƙinsa ne ya san abin da aka rubuta a kanta da kunnensa, ba sai ta bakin wani ba. Allah Ya ba shugabanni ikon kula da raunana, Ya kuma ƙara wa masu neman ilmi basira, amin.